Ranar da Malam Yusha'u Ya Yi wa Littafinsa Suna

Duk wanda ya san Malam Yusha'u a cikinku ya san jan fensirin nan da ke saƙale a bayan kunnensa na dama. Da shi yake shiga aji, da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa jana'iza. In zai yi alwala ne kawai yake zare shi ya soka a hula, yana gama shafar kunne ya mayar da abinsa. Aikin fensirin kuwa ɗaya ne: gyara rubutun mutane, ko sun nema ko ba su nema ba. Ya ga an bar harafi ba lanƙwasa, sai ka ji ya ja tsaki ya ce, "Ba haka ake rubuta shi ba."

Wata rana wata babbar mota ta tsaya a tashar Ikara, an rubuta a goshinta da manyan baƙaƙe, BA FADA. Malam ya tsaya ya ƙura mata ido, sannan ya je ya dafa direban.

"Kai, me fadar sarki ta yi maka da ka ce babu ita?"

Direba ya ce, "Wace fada kuma? Ba faɗa na ce, ban son rigima."

"To ba haka ake rubuta shi ba."

Kafin direba ya ankara Malam ya ɗare kan ƙarfen gaban mota da babbar rigarsa, yana dirza fensir a jikin fenti. Direba ya kamo ƙafarsa, Malam ya riƙe madubi, 'yan tasha suka taru. Ranar dai sai da aka yi faɗan.

Ni Bala tela, taubashinsa ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Ya girme ni da shekara shida, amma wasan da ke tsakaninmu bai san girma ba. Kullum bayan la'asar, in ya tashi daga makarantar elementare inda yake koyarwa, sai ya zo shagona ya zauna kan wani tsohon akwati. Ya ce ɗinkina karkatacce ne, in ce rigarsa ta girmi tutar Turawa. Mu yi ta yi har a kira magariba. Ba shi da wani wurin zuwa, ni ma kuma na saba.

Matarsa Hajara ta rasu tun kafin a sami mulkin kai. Haihuwa uku ta yi masa, ba wanda ya kai yaye. Da ta rasu, wani abokin karatunsa ya aiko masa da wasiƙar ta'aziyya daga Kaduna. A gabana ya karanta, ya share ido da hannun riga, sannan ya zare fensir ya gyara wuri huɗu, ya ninke, ya ce in ba shi ambulan zai mayar masa.

Na ce, "Haba Malam! Ta'aziyya ce fa!"

Ya ce, "To ta'aziyya ba ta cancanci a rubuta ta daidai ba? Hajara ce fa ta rasu, ba akuya ba."

Daga nan ya zauna shi kaɗai a gidan nan na bakin gari. Aka yi aka yi ya sake aure, ya ce duk wadda za ta zo sai ya koya mata inda ake ajiye komai, shi kuwa ya gaji da koyarwa. In an kai masa tuwo daga gidana sai ya ce ya ƙoshi, alhali na san dankali ya dafa ya ci da gishiri.

Shekara biyu ko uku bayan an ɗaga sabuwar tuta, lokacin da kowa ke maganar karatun boko, sai Malam ya fara zuwa shago da tawada a yatsu. Na tambaye shi, ya ce ba ruwana. Sai da ya gama sannan ya faɗa mini: littafi ya rubuta, na yara. Ya ce yaran ajinsa suna koyon karatu da labarin jirgin ruwa da wasu 'ya'yan itace da ko kakansu bai taɓa gani ba, shi kuwa ya rubuta musu abin da suka sani. Labarin wani baƙin doki ne da ke juya injin matse rake a Kudan. An rufe masa ido da ƙyalle, yana ta zagaye wuri ɗaya, shi kuwa a zatonsa tafiya yake yi, yau ya wuce Kano, gobe zai isa Makka. Rannan ƙyallen ya faɗi, ya ga ashe yana nan inda yake. Sai ya ƙi motsi. Ba wanda ya iya tashinsa sai wata 'yar yarinya da ta riƙa zagayawa tare da shi tana ba shi labarin garuruwa.

Ɗan fegin fadamar da ya gada a Malikanci, shi ya sallama don a buga littafin. Ya kai wa wani ɗan gidan ɗab'i a Zariya, ya yi wata huɗu yana jeka-ka-dawo. Ranar da kwalaye biyu suka iso, a shagona ya sauke su. Ya yi bismilla, ya zaro ɗaya. Ina kallon fuskarsa, sai na ga ta canza kamar an ce masa gidansa ya kama wuta. Na leƙa. A bangon littafin an rubuta, TAFIYAR BAKIN DOKI.

Ashe injin mutumin ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Ko ɗaya! Tun daga bango har shafin ƙarshe.

Wallahi na yi dariya har allura ta soke ni. Na ce, "Malam, bakin ne ya tafi ya bar dokin a gida?"

Ya kwashe kayansa ya tafi. Mako uku cur, in ya tashi daga aji sai ya zauna a zaurensa da alƙalami da kwalbar tawada, yana bin littafi ɗari biyu shafi-shafi, yana yi wa kowane harafi ƙugiyarsa. Da na ga idonsa ya yi ja, sai tausayi ya kama ni, na je na ce ya ba ni in taya shi. Ya miƙo mini ɗaya. Na yi lanƙwasa guda, ya karɓa ya duba.

"Wannan lanƙwasa ce ko wutsiyar kunama? Tashi ka koma kan kekenka."

Da ya gama sai ya ce za a yi biki. A lokacin ba mu san wani abu wai shi ƙaddamar da littafi ba. Shi ma bai san me zai kira abin ba, sai ya ce suna zai yi. Ya ja ni muka je wurin Liman Ɗahiru na unguwarmu, muka durƙusa muka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da aiki, sannan Malam ya faɗi abin da ya kawo shi.

Liman ya shafa gemu. Ya ce, "Malam Yusha'u, littafi fa ba shi da kunnen da za a yi masa huɗuba."

"Allah ya gafarta Malam, ban ce huɗuba ba. Addu'a nake so."

"To madalla, addu'a ba ta da laifi. Ragon fa? Ai suna ba ya yiwuwa ba rago."

Malam ya buɗe littafin, ya miƙa masa da hannu biyu. "Ga shi nan a shafi na tara, Allah ya gafarta Malam. Ƙato ne ma."

Ya rubuta takardun gayyata da hannunsa, ya aika wa hakimi da dagatai da malaman makarantu har na Makarfi. Ya aro benci goma sha biyu daga makaranta, ya jera a ƙofar gidansa. Ya sayo goro ƙwarya guda. Ni kuma na ɗinka masa sabuwar riga, ya sa, ya ce hannun hagu ya fi na dama tsawo.

Sai dai Allah ya yi nasa ikon. Ana gobe biki ruwan shuka ya sauka, irin wanda aka yi wata guda ana jira. Gari na wayewa kowa ya ɗauki sungumi da iri ya nufi gona, manya da yara. Wa zai bar shuka ya zo sunan takarda? Muka zauna har hantsi ya ɗaga. Mu huɗu ne a kan benci goma sha biyu: ni, da Liman, da Baba Audu kurma wanda ya hango goro daga nesa, da wata Bafulatana mai nono da ta ga wurin zama ta sauke ƙwaryarta don ta huta.

Na raɗa masa, "Malam, a ɗaga zuwa wani mako mana."

Ya ce, "Ka taɓa ganin an ɗaga suna don mutane ba su zo ba?"

Ya miƙe, ya gyara riga, ya zaro jawabi shafi shida. Ya dubi bencinan nan, ya ɗaga murya ya ce, "Ya ku hakimai, da dagatai, da malamai, da ɗimbin jama'ar da suka cika wannan wuri!" Bafulatana ta waiwaya ta dubi bayanta. Bai tsallake ko layi ɗaya ba. Akwai wuraren da ya sa alamar inda za a yi tafi. In ya kai nan sai ya tsaya ya dube ni. Ni kaɗai nake tafawa, sautin yana dukan katangar gidan yana dawo mini. Liman ya yi addu'a mai kyau, wallahi har da roƙon Allah ya sa albarka a cikin abin. Muka shafa.

Baba Audu, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba, ya cika aljihu da goro, ya kama hannun Malam ya ce da ƙarfi, "Allah ya raya! Mace ce ko namiji?"

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga Malam bai yi ba. Ya riƙe hannun tsohon, ya sunkuya daidai kunnensa, ya ce, "Namiji ne, Baba."

Da suka watse ya hana ni taɓa bencinan. Shi kaɗai ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya a ka, yana kai wa makaranta cikin taɓo, da sabuwar rigarsa. Ina tsaye ina kallonsa, zuwa goma sha biyu, dawowa goma sha biyu. Da ya gama ya ɗauki ƙwaryar goro ya bi gonaki yana raba wa masu shuka. Wai goron suna ne, ba ya kwana a gida.

Da aka gama noman farko sai ya ce za mu kai littafin kasuwar Makarfi. Muka ɗaure kwali a bayan keke muka tafi. Muka shimfiɗa tabarma kusa da wani mai maganin basir da ya zo da makaɗinsa, jama'a sun yi masa zobe. Shi kuwa namu tallan, Malam ya harɗe ƙafa yana cewa a hankali, kamar mai gaida marar lafiya, "Littafi. Na yara. Littafi."

Na ce, "Malam, haka ake talla? Bari ka gani." Na miƙe na ƙwala, "Ga maganin jahilci, sha yanzu magani yanzu!"

Ya jawo rigata. "Zauna. Ba sha ake yi ba. Kada ka yi wa mutane ƙarya a kan littafina."

Mai saye na farko wani mai tsire ne. Ya ɗauki ɗaya, ya murza takardar da yatsa, ya ce a ba shi ashirin. Zuciyata ta yi fari. Malam ya ce, "Yaranka ashirin ne?" Mutumin ya ce a'a, takardar ce mai kauri, ba za ta zubar da mai ba. Kai! Ban taɓa sanin Malam yana da zafin nama haka ba. Ya fizge littafin, ya duba ko ya yi maiƙo, ya ce wa mutumin ya bar wurin tun bai kira dogari ba.

Na biyu wani attajiri ne mai sayen gyaɗa, da yaransa biyu a bayansa. Ya ce ya ji labari, yana son goma, don ya taimaka wa ilmi.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai karanta su?"

"Af, ba wanda zai taɓa su. A kabad na gilashi zan jera su a ɗakin baƙi."

"To ranka ya daɗe, ga 'yan tangaran can. Faranti ya fi kyau a gilashi."

Sai wajen la'asar wani manomi daga Dandamisa ya tsuguna, ya ce ɗansa yana aji biyu, kullum yana karanta rubutun jikin buhu don ba shi da abin karantawa. Nan Malam ya gyara zama. Ya sa mutumin ya yi alkawari yaron zai wanke hannu kafin ya buɗe, ba zai ninke kunnen shafi ba, ba zai lashi yatsa ba, kuma in ya gama za a aiko a faɗa masa inda ya fi yi masa daɗi.

Mutumin ya ce, "Malam, littafi nake saye ko 'yarka nake nema wa ɗana?"

Guda ɗaya tak muka rabu da shi ranar. Muna hanyar dawowa, mun kusa rabin tafiya, sai na ji ya ja burki. Na ce lafiya? Ya ce, "Ban tambaye shi ko ɗakinsu yana yoyo ba." Da ƙyar na hana shi komawa.

Da lokacin matsar rake ya zo sai ya ce saura Kudan, wai bai kamata a buga labarin mutum bai ji ba. Na ce wane mutum? Ya ce dokin. Muka je wurin wani Malam Tanko mai injin rake, inda ake dafa mazarƙwaila. Ga hayaƙi, ga ƙamshi, ga ƙudan zuma, ga doki yana ta zagaye. Malam Yusha'u ya zauna kan tarin ɓawon rake, ya fuskanci dokin, ya fara karatu da ƙarfi.

Bai kai shafi na uku ba Malam Tanko ya ce, "Dakata, Malam. Mu nan ba ma rufe wa doki ido."

"A littafi ana rufewa."

"Kuma dokina ba baƙi ba ne."

"Da na zo bara baƙi ne."

"Hayaƙi ne. Na wanke shi."

Malam ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba. To ku ji ikon Allah. Yaran da ke zuwa tsintar guntun rake suka fara matsowa, ɗaya, biyu, har suka zagaye shi. Suka daina tauna. Da doki ya ji warin jakin wani farke ya ce lalle ya iso birnin Masar, suka fashe da dariya, daidai inda ya kamata a yi ta, ba wanda ya ba su alama. Da ƙyallen ya faɗi suka yi tsit. Wani yaro ya juya ya dubi dokin Malam Tanko da tausayi. Ni dai Malam nake kallo. Tun rasuwar Hajara ban ga haƙoransa na ciki ba sai ranar.

Da ya rufe littafin, wata 'yar yarinya mai tallan gyaɗa, da tirenta a ka, ta ce, "Malam, 'ya'yanka ka rubuta wa?"

Ya ce, "Su na rubuta wa."

"Su nawa ne?"

"Uku."

"Me ya sa ba ka zo da su ba?"

Ya ɗan daɗe yana duban bangon littafin. Sannan ya ce, "Suna wurin uwarsu."

Ya miƙa mata littafin da ke hannunsa. Bai ce ta wanke hannu ba, ga shi kuwa duk gishirin gyaɗa ne.

A hanya ba mu hau kekunan ba, tura su muka riƙa yi. Muka yi nisa. Can sai ya ce, "Yarinyar cikin labarin, ai Binta ce." Binta ita ce ta farkonsu, kwana arba'in ta yi a duniya. Ya ce, "Da yanzu ta gama elementare. Da ita za ta riƙa kama mini tawada." Ya juya fuska wajen gonaki. Da ya juyo sai ya ce, "Kai Bala, in ka faɗa wa wani abin da ka gani, sai na gaya wa duk garin ɗinkinka karkatacce ne."

Na ce, "Ai kullum faɗa kake yi."

Ya ce, "To zan ƙara."

Daga shekarar, duk lokacin rake sai ya ɗaure littattafai kaɗan ya tafi Kudan shi kaɗai, ya karanta, ya rabar, ya dawo. Wasu malamai suka karɓi 'yan kaɗan suka sa a ajinsu. Kwali na biyu kuwa ya zauna a ƙuryar ɗakinsa shekara da shekaru. Ranar da ya buɗe sai ya tarar gara ta cinye shi tas, sai jar ƙasa. Na ɗauka zai faɗi. Ya tsuguna ya daɗe yana tona ƙasar da yatsa, sannan ya ɗago ya ce, "To alhamdu lillahi. Duk ƙasar Ikara an dai sami waɗanda suka shiga littafin nan tun daga farko suka fita ta ƙarshe."

Rasuwarsa kun sani. Wata la'asar bai zo shago ba. Da yake ranar da ta wuce na ce masa gemunsa ya zama tsintsiyar laushi, sai na ɗauka fushi yake yi, na ce bari in bar shi ya huce. Washegari da hantsi na je da niyyar in ƙara masa wata. Na yi sallama sau uku. Ƙofa a buɗe take, yana kwance kan tabarma ya fuskanci gabas, tukunyar dankalinsa na gefe bai taɓa ba. Ban san tun yaushe ba, kuma ba wanda zan tambaya. Wannan la'asar ɗin da ban taka na je ba, har yau tana zaune mini a ƙirji.

Yanzu in la'asar ta yi, mutane na shigowa shago suna gaishe ni da ladabi, Baba kaza, Baba kaza. Ba mai zagina, ba wanda zan zaga ya rama.

Allah ya jiƙan Malam Yusha'u, ya yafe masa taurin kansa, ya yafe mini nawa. Allah ya haskaka makwancinsa, ya sada shi da waɗanda suka riga shi. Ya daɗe yana cin abinci shi kaɗai. Ya Allah, inda ka sauke shi ka cika masa gida da hayaniya, har sai ya ce a yi masa shiru. Amin.